Inda Ƙarar Za Ta Faɗa

Murdo Haldane ya shigo shagona, ruwan sama na ɗiga daga hularsa,
ya kwantar da bindigar a tebur kamar jinjiri mai barci.
Shekara arba'in suna hawan duwatsun Te Anau tare.
Yanzu ƙusa uku ke riƙe da kafaɗarsa ta dama,
likitan Dunedin ya ce masa: shuri ɗaya, ka dawo gadona.

"Ngaire," ya ce, "cire mata shurin, ki bar mata harbin."

Na kwance bututun, na ɗaure a injin feƙe,
na jingina allurar awo.
Ina juyawa, allura na rawa.
In sassauta nan, in matse can,
har ta tsaya cak, kamar mai kasa kunne.
Mahaifina ya ce ramin ciki ake bi, ba fatar waje ba,
don bututu da mutum halinsu ɗaya,
ba kullum ciki ke zama a tsakiyar jiki ba.

Sai aski.
Ƙarfe na zuba a murɗe, shuɗi-shuɗi, da zafinsa,
mai na hayaƙi, shago na warin tsohon jirgin ruwa.
Ba na gaggawa a nan.
Gashi in an aske ya tsiro, ƙarfe ba ya tsirowa.
Zare na fitowa layi bayan layi,
kowane zagaye na taka sawun ɗan'uwansa,
in goge, in gwada, in ƙara kaurin numfashi,
in sake gogewa.
Karkata kaɗan a nan
barewa ce da ta tafi da rauni cikin kurmi.

Na shimfiɗa ƙyalle, na jera masa birki uku.
Ga mai huda ta ko'ina, na ce,
in ka harba a kwance zai watsa maka tsakuwa a ido.
Ga ɗan siriri, kyau ya fi aiki.
Wannan kuwa mai tsaga a gefe kamar kumatun kifi,
shi ke cinye shuri, kusan rabi.
Amma Murdo, shuri ba ya mutuwa,
hanya yake sakewa.
Abin da kafaɗarka ta huta da shi
ta gefe zai fita, ya zama tsawa,
wanda ke tsaye kusa da kai shi zai biya.

"Me kika ce?"
Ya juyo da kunnen dama. Na maimaita da ƙarfi.

Bai amsa ba. Ta taga yake kallo.
Cikin motarsa Morven, jikarsa, 'yar sha huɗu,
tana zana ƙahon barewa da yatsa a gilas mai raɓa,
kare ya ɗora haɓa a cinyarta.

"Wannan kunnen," ya ce, ya taɓa na hagu,
"a gefen ubana na bar shi, ina ɗan sha biyu.
Bai taɓa sani ba."

Na kai hannu zan naɗe ƙyallen,
na ɗauko murfin da ake rufe zare da shi,
ina cewa a raina ya fasa.
Sai ya ɗora yatsa kan mai kumatun kifi.

"Ɗaura wannan.
Ki rage mariƙin katakon da yatsa biyu,
hannunta bai kai nawa ba.
Ki ba ni abin toshe kunne, mai kyau, guda ɗaya tak.
Kare zai zauna a gida.
Ni zan tsaya a gefenta,
na riga na biya."

Na murɗa birkin, ya shiga lumui,
tsagoginsa suka tsaya daidai, hagu da dama.
Na sa masa abin kunne biyu a jaka, ban faɗa ba.
Ya ƙirga kuɗi sau biyu, ya fita bai rufe ƙofa ba.

Ina share ɓarɓashin ƙarfe na ji motar ta ƙi tashi,
ta ƙi,
sannan ta tashi.
Afrilu saura mako uku,
barewa sun fara kuka a kan tudu.