Jakin Ƙarfe

Jikana Cindo ya dawo Kibiya da jita mai tsirkiya huɗu,
kowace da kaurin igiyar guga,
muryarta ta bijimi a cikin rijiya.
Ya ce tana ƙarya in an hau sama,
ƙuda na kuka cikinta in an sauko.

Na ce miƙo, in ga jakinta.

Shekara arba'in ina feƙe jakin gurmi
da kara da 'yar aska,
in ya karkace in tura shi da babban yatsa.
Yau ga jakin ƙarfe, sirdi huɗu,
kowace tsirkiya da mazauninta,
ba ya cin dusa, ba ya tsoron damina.

Muka shimfiɗa buhu a gindin ɗorawa,
muka aro alankin Barmo mai faci.
Na ɗaga sirdin uwar tsirkiya
tsayin ƙwayar gero,
ƙudan ya tashi.
Cindo ya danna gaɓa ta sha biyu,
sauti ya zarce ɗan'uwansa;
na ja sirdi baya, juyi ɗaya, da rabi,
har suka gaisa.

Ta ukun ta ƙi. Tsatsa ta kama noti.
Man gyaɗa muka ɗiga mata da tsinke,
muka jira har la'asar.

Da aka tada janareta
ƙasa ta amsa a tafin ƙafata,
kaji suka watse.
Ban yaba ba. Na dai ce masa:
in kaya ya zauna daidai, jaki ba ya kuka.
Ka mayar wa Barmo alankinsa.