Ki Ɗauki Hannuwan

A Mil Sha Biyu na tarar da Tabawa
tana tsince ruɓaɓɓen tattasai daga kwando.
Na ɗaga kyamara, ta ɗaga gira:
"Me za ki yi da fuskar?
Ai rana ta riga ki ɗauka.
Ɗauki hannuwan, su suka biya kuɗin makaranta."
Na ɗauka. Lalle ya koɗe a farce,
yaji ya tare a tsagar fata kamar ɗan haya.

A Makoko, Senami na tsaye cikin kwalekwale,
goyo a baya, gora cikin ruwa.
Ba ta ce in jira ta gyara ɗankwali ba.
Hoton ya fito a karkace,
na bar shi haka.

Wata a Agege ta tura ƙofa, ta sassauta zani,
ta nuna min inda aka ciro tagwaye.
"Ko mijina a duhu ya san tabon nan.
Ɗauki, amma ban da suna."

Da dare aka ɗauke wuta,
janareton maƙwabta na ta tari.
Na haska tsohon hoton innata:
tana tsaye bayan kujerar baba,
mai hoto ya datse mata rabin kafaɗa.
Shekara talatin ina kallon sa,
sai yau na gane dariya take dannewa.

Gobe da asuba sai Oshodi.
Ni kuwa har yanzu
ban juyo da kyamarar wajena ba.