Wane Kunne?

Jirgin ƙasan safe ya ajiye ni a Hjørring,
ruwa na tsuga kamar an huda sama.
Ni Solvej, mai ƙirga abin da ido bai gani,
na ɗauko takarda mai tambaya sittin da uku,
amma duk uwarsu ɗaya ce: wane kunne?

Ɗaki na tara, gadon da ke jikin taga.
Preben Hovgaard, shekara arba'in a kan teku,
hannuwansa kamar tsohuwar igiyar anga.
An aske masa gefen kai na hagu,
ɗinki goma sha bakwai a jere
kamar sawun tsuntsu a jiƙaƙƙen yashi.
Matarsa Gunvor na saƙa safa, tana zaune.

Na ce, yaushe ka fara riƙe wayar hannu?
Ya ce, tun tana da nauyin bulo,
tun ana rataya ta a kafaɗa.
Minti nawa a yini?
Ya yi dariya har ɗinkin ya motsa:
yarinya, wa ke auna ruwa da rariya?
To da wane gefe kake kara ta?
Ya kai yatsa ya taɓa wurin aikin:
nan mana, ga shaida a zane.

Gunvor ba ta ɗago daga saƙarta ba.
Preben, injin jirgi ya cinye maka kunnen hagu
tun kafin mu haifi Birthe.
Shekara talatin ina zama ta damanka
don kada maganata ta faɗa rijiya.
Ya dube ta, ya dubi taga.
Alƙalamina ya tsaya a sama
kamar shaho da ya rasa wanda zai sura.
Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarin ruwa ke ɗiga.
Ba ƙarya ya yi ba, na gane.

Wanda ya faɗi, waige yake yi
yana neman dutsen da ya yi tuntuɓe da shi.
Ciwo marar uba ya fi ciwo zafi.
In ya ce waya ce, ya sami abin zagi.
In babu, shi da silin asibiti ke nan
da dare mai tsawo, ido biyu, a ƙone.

Takardata gida uku gare ta:
hagu, dama, duka biyun.
Babu gidan matarsa ta ce,
babu na yana so ya zama hagu ne.

Can ofis, Asger na da kan mutum na roba
cike da ruwan gishiri da sukari.
Yana manna masa waya, yana auna ɗumi.
Kan roba ba ya mantuwa, ba ya tsoro,
ba shi da mata mai gyara masa zance.
Shi ya sa nake ƙyashin Asger,
shi ya sa kuma ban yarda da kansa ba.
Mun tara mutane dubu, mun tankaɗe, mun rairaye,
ɗan jarida na jiran i ko a'a,
mu kuwa abin da ya rage a faifai
kalma ce siririya, wataƙila,
ta ƙi tashi, ta ƙi kwanciya, tana tsugune.

Na rubuta dama. Na sa ɗigo a gefe.
Gunvor ta raka ni har bakin lif,
ta ce, in kun gano, ki kira ni,
ta karanto mini lambar wayarta.

A jirgin komawa, bayan Aalborg, aljihuna ya yi kuka.
Babana ne, yana cigiyar tabaransa.
Mun kai minti ashirin, har da labarin maƙwabta,
kuncina ya yi ɗumi, muryarsa na manne.
Sai da na kashe na dubi hannuna biyu,
na tambayi kaina, na kasa amsawa:
Solvej, wane kunne?