Kilo Goma Sha Ɗaya

Ruwan Valdivia ba ya sallama, ba ya bankwana.
Ƙarfe bakwai na buɗe ƙofa yana zuba,
Ximena ta riga ni, ta hura murhun itace,
ta ce kyanwar da muka kwantar jiya ta yi fitsari.
A gidan nan wannan albishir ne,
goronsa kofin shayi.

Majinyatana ba sa faɗin inda ke ciwo.
Shekara shida na yi a jami'a
ina koyon tambaya da yatsu:
in latsa nan, in ga kunne ya kwanta,
in latsa can, in ji numfashi ya tsinke.
An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.
Ni na huda da yawa, marasa laifi duka,
na tarar da safa ƙafa ɗaya,
da ƙwallon piya,
da ƙugiyar masunta har da zarenta.

Ƙarfe goma, yarinya da kwalin takalmi
an huhhuda murfin da biro.
Zomo ne. Sunansa Almirante.
Haƙori ya yi masa tsawo, ya bar ci.
Na datse. Ta zube min tsabar kuɗi
da suka yi ɗumi a tafin hannunta,
ban ƙirga ba.

Sai Don Eleuterio Huenchumán,
ya biyo jirgin ruwan safe daga Corral,
da Chispa rungume kamar damin itace.
Shekara tara ina ɗora ta a sikelin nan.
Sha tara. Sha tara da rabi, shekarar da matarsa ta rasu
yana ba ta rabon mutum biyu.
Yau sha ɗaya.
Ƙoda ta gama nata aikin, takarda ta faɗa,
shi ma ya sani, tun kan ya hau jirgi.

Ya ce, "Likita, da taki ce fa?"

Tambayar nan ba a koyar da ita a aji.
Na dubi kwalaben da ke kan kanta
kamar ɗaya za ta amsa a madadina.
Na ce, "Da tawa ce, yau."

Teburin ƙarfe ne, da sanyi.
Ya tuɓe rigar ulunsa ya shimfiɗa mata.
Na aske gashin ƙafa, na nemi jijiya,
ta ɓuya, na sake nema,
shi kuwa yana ta ba ta labari a kunne,
wai an yi wa kwalekwale sabon fenti,
wai kifi ya yi arha, wai maƙwabci ya gyara shinge.
Allura ta ƙare kafin labarin.
Na sa abin saurare a ƙirjinta,
na daɗe ina sauraron abin da babu,
don ya samu ya kai ƙarshen zancensa.

Ya naɗe igiyar wuyan sau uku, ya sa a aljihu.
Ya tambayi kuɗi. Ya biya cif.
Ya fita cikin ruwa da 'yar shara,
rigar ulun tana hannu, da nauyinta.

Minti huɗu na samu a banɗaki.
Na wanke fuska, na sauya riga.

"Na gaba," in ji Ximena,
sai ga ɗan kwikwiyo, wata biyu, rigakafin farko,
bai san sikeli ba, bai san ni ba,
ya hau, ya tsula fitsari,
ya kama igiyar takalmina da yaƙi.
Kilo biyu da ɗigo uku. Na rubuta
da biron da na rufe fayil ɗin Chispa.

Da dare kyanwata ta tare ni a ƙofa,
ta shinshina ƙafar wandona, ɗaya bayan ɗaya,
a hankali, kamar mai duba jarida.
Ta daɗe a gwiwar hagu.
Sannan ta juya, ta nufi kwanonta,
ta waiwayo ko ina biye.