Littafin Verna

Ƙanƙara ta narke a duwatsun Kentucky,
rafi ya cika, yana ta surutu shi kaɗai.
Na riƙe hannun Verna Caudill muna gangarawa,
sandarta na tambayar ƙasa kafin ƙafarta ta taka.

Shekara arba'in da ɗaya tana rubuta
ranar da kowane fure ya fara buɗewa,
da fensir, a littafin da ruwa ya ci gefensa.
Bana yana ta rufe mata ido.
Sai muka raba aiki:
ni gani, ita saurare.

"Dakata," in ji ta. "Maƙwaƙwafi ne, babban,
mai jan tukku." Na ɗaga kai,
ga shi kuwa yana sassaƙar mataccen icce,
ɓawo na zubo mana a kafaɗa.

Ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganyen bara
wani farin fure ya leƙo,
ya naɗe da ganyensa kamar mai jin sanyi.
Na kai yatsanta gare shi. Ta yi murmushi.
"Saiwar-jini ke nan. Kakata da jan ruwansa
take rina kwanduna.
Kwana biyu yake yi, iska ta kwashe.
Rubuta: sha tara ga Maris.
Ya riga na shekarar da Hobart ya rasu
da kwana shida."

Na rubuta. Hannuna ya karkace.

A gwiwar rafi, inda ruwa ke lafawa,
zalɓe na tsaye, launin toka,
ko ƙyafta ido ba ya yi.
Na raɗa mata. Ta karkata kunne, shiru.
"Wannan ba ya magana," ta ce.
"Sai ka ba ni shi da bakinka."

Na ce dogo ne. Na ce wuyansa kamar lauje.
Na ce, na ce, kalmomi suka ƙare mini,
ban kai ko rabin tsuntsun ba.

Sai ya tashi.
Fukafukai biyu suka bugi iska, nauyi-nauyi,
ruwa ya ɗiga daga ƙafafunsa, ɗis, ɗis.
Verna ta matse mini hannu.
"Bari haka nan. Na gan shi."

Muka hauro da laka har idon sawu,
kurciya na kuka a bayanmu.
Yanzu shafin Maris yana da rubutu iri biyu:
nata ƙanana, a jere kamar tururuwa,
nawa a ƙasa, yana koyon tafiya.