Awon Sagiru

Ni tela ne a Harbo, bakin kasuwa,
shekara talatin ina taka keke.
Littafin awona bangonsa ya sha maiƙo,
duk yaron garin nan yana ciki,
kowace Sallah lambarsa tana hawa.
Shafi ɗaya ne ya tsaya cak,
na ɗana Sagiru: tsawon wando talatin da biyu,
Sallah huɗu ke nan bai motsa ba.

Sa'o'insa murya ta buɗe,
Hambali har da gashin baki, siriri kamar layin tururuwa.
In an fita gayya su ne a kan kunya,
nawa kuwa a ba shi butar ruwa.
Ya yi sallama a zaure, sai a ce, "Shigo, yarinya."
Ya kan yi dariya tare da su,
amma ranar ba zai ci tuwo ba.

Gwaggonsa ta ce sunan ne ya bi shi,
wa ya aike ni raɗa wa ɗa Sagiru?
Wani ya ce an tsallake shi yana kwance.
Mun jiƙa saiwa, mun sha rubutu,
na sayar da tunkiya mai ciki,
ban ga ko faɗin farce ba.

Ran wata Laraba mota ta tsaya a asibitin gari,
masu bincike ne daga Dutse.
Likita Barira ta zo da nata ma'aunin,
na katako, mai tsayuwa jikin bango.
Na ce, ashe abokiyar sana'a ce!
Ta karanta min takarda tiryan-tiryan,
sannan ta juya ga yaron: "Kai fa, ka yarda?"
Na yi shiru ina kallonsa.
Duk yawon maganin da muka sha
ba wanda ya taɓa tambayarsa ba.

Ta ja labule, ta bar ni a waje.
Da sassafe suka ɗebi jini, kwalba biyu ƙanana,
aka manna lamba maimakon suna.
Suka ɗauki hoton hannunsa na hagu.
Ta ɗaga shi a hasken taga ta ce,
"Ƙashi ma yana ƙirga shekarunsa.
Ɗanka sha shida ne a bakinka,
sha biyu ne a wuyan hannunsa.
Ga gurbi nan tsakanin gaɓoɓi,
ƙofar tsawo ba ta rufe ba."

Wai akwai wani abu ƙarƙashin ƙwaƙwalwa,
bai fi ƙwayar wake ba,
shi ke aika saƙo cikin jini,
ya ce wa jiki, tashi, lokaci ya yi.
Na wani kan yi sammako, ya firgita 'yar shekara shida,
na wani ya makara kamar maiwa.
Na ce, "Nawa makara ce ko ɓatan hanya?"
Ta ce, "Shi muke nema, Baba.
Yara ɗari biyu muka auna zuwa yau,
ba zan faɗa maka abin da ban sani ba."

Wannan magana ta fi min jiƙo.

Duk bayan wata uku muna hawa babur,
katinsa a aljihuna tare da alli.
A benci na ga wata uwa daga Aujara
ta rufe ƙaramar 'yarta da babban mayafi.
Muka gaisa, ba mu tambayi juna ba.

Jiya na yanka masa wandon bana.
Na auna sau biyu, na goge ido, na sake:
talatin da biyu da rabi.
Ko tef ɗina ne ya tsufa, oho.
Na dai ninka yatsa huɗu a ƙafar wandon,
na bi shi da ɗinki mai saurin farkewa,
na ajiye reza kusa da keke.
Shi kuwa ban gaya masa ba.