Cikon Goma

A gidan Zelig, can Montreal,
an lulluɓe madubai,
kyandir na cin kansa a bakin taga.
Yau kwana uku da binne shi.

Kawu Hersh ya ƙirga da ido:
"Maza bakwai. Kaddish sai da goma.
A bari sai gobe, majami'a na nan."

Tirza ta miƙe daga guntuwar kujera,
yagaggen wuyan rigarta na lilo.
"Mu uku fa?
Shekara biyu ina ba shi miya a baki,
bai san sunana ba."

Kawu ya ɗauki kwat, ya murɗa ƙofa.
Sanyi ya shigo.
Ta fara, murya na rawa.

Daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa,
wani ya ce amin.